Uwar Goyo da Ɗanta a Tsakar Gida

Lacca ce da aka yi wa ma'aikata a Durun, ta ƙasar Kabo, ran taron tunawa da magabatansu na zamanin En'e

   

Kowa ya san irin littattafan da magabatanmu suka riƙa cikawa kafin gyaran shekarar 1976 ya naɗe tabarmar En'e. Malamin haraji ya rubuta kowane baligi, malamin jangali ya ƙidaya shanu, ma'aji ya lissafta abin da ya shiga Baitulmali har kwabo da anini. Amma akwai wata ma'aikaciya a cikin kowane gida wadda sunanta bai taɓa shiga littafin albashi ba. Ba ta da ranar hutu, ba ta da fansho, ba wanda ya taɓa yi mata ƙarin girma. Ita ce uwar goyo. Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami a ofis kuwa ta hannunta ya biyo, sabo da haka ran da a ke tunawa da ma'aikata ba ta cancanci a manta da ita ba.

Abin da zan faɗa muku guda ɗaya ne. Daga ran haihuwa zuwa ran yaye, watau wajen shekara 2, ran yaro da girman jikinsa da kaifin hankalinsa sun rataya, bayan ikon Allah, ga waɗansu 'yan ayyuka da a ke yi kullum a tsakar gida. Uwa ce ke yinsu, amma mabuɗin da yawa daga cikinsu yana aljihun maigida. Tun da ya ke yawancinku masu gida ne, to, da ku na ke.

Daga asuba zuwa dare

Mu ɗauki gida irin namu na Durun, ko Gude, ko Garo, ko Getso. Maigida ma'aikaci ne mai 'yar gonarsa, matarsa tana goyon yaro ɗan wata 9. Tun kafin ladan ya kira assalatu yaron ya farka ya nemi nono. Ta ba shi, ta yi alwala ta yi salla, ta hura wuta, ta ɗora ruwan wanka. Ta dama koko da gasarar da ta tace tun jiya. Ta share tsakar gida, ta wanke kwanonin dare, ta wanke tsummokin yaro ta shanya. Ta buɗe wa kaji akurki, ta zuba wa awaki dusa da harawa. Duk wannan kafin hantsi ya dubi ludayi.

Sa'an nan ta saɓa shi a baya, ta ɗaure da majanyi, ta surfa dawa, ta sheƙe, ta wanke, ta ba yarinya ta kai inji. Injin niƙa da rijiyar burtsatse sun rage wa matan yanzu wahalar da kakanninsu suka sha kan dutsen niƙa da guga, mun gode Allah, amma turmi da murhu suna nan inda su ke. In damina ce, sai an yi abincin masu noma an aika gona kafin azahar. Bayan haka ga sana'arta ta cikin gida, ko ƙuli-ƙuli, ko daddawa, ko awara, ko fura, ko ɗinkin hula. Daga ribar nan ta ke zubin adashi, ta sayi sabulu, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, sau da yawa ma daga nan a ke sayen maganin yaro ba tare da maigida ya ji labari ba.

Ran da yaro ya fara rarrafe, aiki ya ninku. Ga murhu, ga tukunyar ruwan zafi, ga bakin rijiya, ga kashin kaji, ga kwalbar kananzir ko ta maganin feshi da wani ya ajiye a gindin rumbu. Hannunta yana kan muciya, idonta yana kansa. Da la'asar ta tuƙa tuwo ta kaɗa miyar kuka, da magariba ta raba, bayan lisha ta kwashe kwanoni. Da dare kuma ya tashe ta sau uku ko huɗu. Ma'aikaci yana da lokacin tashi daga aiki, ya dawo ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya huta. Ita kuwa ba a kaɗa mata ƙararrawar tashi.

Kwana arba'in da wata shida

Kakanninmu ba su jahilci wahalar nan ba, sun kuwa yi mata tanadi. Sabo da ita aka yi goyon gida, mai haihuwar fari ta koma wurin iyayenta su duba ta. Sabo da ita aka ɗauke wa mai jego aiki kwana 40, aka yi mata ƙauri, 'yan'uwa suka zo taya zama. Akwai wata tsohuwa, Baba ta Karo, wadda aka haifa a shekarar 1877 a wajen Zarewa ta ƙasar Rogo. Wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta a Giwa cikin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Ita Baba Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta yi renon 'ya'yan dangi. Wanda ya karanta labarinta zai ga tun kafin zuwan Turawa a kan shayar da yaro wajen shekara 2, a kuma kiyaye kada uwa ta sami wani ciki tana goyo.

Wannan al'ada ta dace da aya ta 233 ta Suratul Baƙara, inda aka ambaci shekara 2 cikakku ga mai son cika shayarwa, aka kuma ɗora ciyar da uwa da tufatar da ita bisa wuyan uba. Ta dace kuma da abin da likitoci suka gano, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shayar har shekara 2 ko fiye, mace kuma ta huta wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Kwanika ta kan cuci mutum uku a lokaci guda, uwa, da na baya, da na ciki.

To, amma cikin gadon nan akwai abubuwan da ilmi ya nuna gara a bar su. Na farko shi ne zubar da dakashi, watau nonon farko mai kauri mai launin rawaya, wai don ƙazanta ne. Dakashi shi ne rigakafin farko da jariri ke samu, yana ɗauke da kariya daga jikin uwa, ya kamata a ɗora shi a nono cikin sa'a guda da haihuwarsa. Na biyu shi ne ba jariri ruwa. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da shawara a ba jariri nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba koko, ba jiƙo. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, yana kashe ƙishirwa ko a tsakiyar bazara. Ruwan randa kuwa ya kan shigar da ƙwayar zawo cikin hanjin da bai yi ƙwari ba, ya kuma cika ɗan cikin nan har ya rage tsotso, in tsotso ya ragu nono ya ragu. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya tarar jarirai 29 kaɗai cikin 100 ke samun nono zalla a Nijeriya. Uwa ta sha ruwan, ta ci ta ƙoshi, jariri ya sha a jikinta.

Na uku shi ne askar wanzami a maƙogwaron jariri don cire beli, da shafa wa cibiya toka ko wani haɗi. Ta nan jini ke zuba, ta nan kuma ciwon sandarau ke shiga. Cibiya a bar ta da tsabta, a shafa mata maganin da asibiti ke bayarwa. Na huɗu ya shafi uwar ce. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura ciwon zuciya ya yi yawa ga masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya kan gadon wuta. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a rage kanwa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi ya gagare ta in ta kwanta, asibiti za a kai ta ran nan.

Ga inda maigida ya shigo. Yarinya 'yar shekara 18 ba ta iya duban idon uwar mijinta ta ce, "Inna, kada a ba shi ruwa." In ta faɗa, an ce ba ta da kunya. In ta yi shiru, ɗanta ya sha. Ɗan Inna ne zai iya durƙusawa gabanta cikin ladabi ya ce, "Inna, malaman asibiti sun ce a dakata da ruwa sai ya yi wata 6, ina roƙon ki taya mu tsarewa." Kaka ba ta nufin jikanta da sharri, abin da ta gada ta ke yi. In aka girmama ta aka fahimtar da ita, ita ce za ta zama mai gadin jaririn, ba wanda zai kusance shi da moɗa.

Kwanon yaro

Yaro ya cika wata 6, nono kaɗai ya daina isarsa, a nan ne kuwa 'ya'yanmu da yawa ke fara ramewa. Abin da aka saba shi ne a tsinka koko ya zama ruwa-ruwa a ɗura masa. Cikin yaro ƙanƙane ne, bai fi ɗan ƙoƙo ba. In aka cika shi da ruwan koko, ya ƙoshi a ido, jiki bai sami kome ba. Kunun yaro ya kamata ya yi kaurin da zai tsaya a cokali, a kuma haɗa shi da abin gina jiki, ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ko garin waken suya, ko wake da aka dafa ya yi luguf, ko ƙwai, ko dakakken busasshen kifi. A sa ɗan manja ko man gyaɗa, a ba shi zogale da kabewa da gwanda da mangwaro a lokacinsu. Camfin da ke cewa ƙwai yana koya wa yaro sata ba shi da tushe. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 ko 3 a yini, daga wata 9 zuwa shekara 2 sau 3 ko 4, ban da nono da ɗan abin taɓawa. A ba shi kwanonsa shi kaɗai, domin in ya sa hannu tare da yayyensa, kafin ya kai loma ɗaya baki sun suɗe kwano. A wanke hannunsa da na mai ba shi da sabulu.

Ku ji abin da rashin wannan ya jawo. Binciken nan na 2018 ya tarar fiye da rabin yaran Jihar Kano da ba su kai shekara 5 ba sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Ya kuma tarar cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba su kan kai shekara 5 ba, a jihohin arewa maso yamma kuwa 187. Tsumburewar da ta kama yaro kafin yaye da wuya ta sake shi, ta kan bi shi har makaranta ta rage masa fahimta, ta bi shi har gona ta rage masa ƙarfi.

Abin kunyar shi ne, maganin yana cikin rumbunmu. Tun da jirgin ƙasa ya fara kwasar kaya daga Kano a 1912, gyaɗar ƙasan nan ta tashi dala-dala, ta ƙetare teku ta ciyar da masana'antun Ingila. Abincin nan na leda da a ke ba yara masu tamowa a asibiti, wanda aka ƙago a Faransa a 1996, gyaɗa ce aka haɗa da madara da sukari da mai da sinadarai. A yunwar 2005 a Nijar, musamman wajen Maraɗi, likitocin agaji sun yi wa yara fiye da 60,000 magani, yawancinsu da abincin nan, a gida, a hannun uwayensu. To, wanda ya noma gyaɗa da wake a gonarsa, ya kwashe duka ya kai kasuwa da kaka, sa'an nan ɗansa ya je layin karɓar gyaɗar Turawa da damina, wa zai zarga? Kafin a ɗaure bakin buhu a ware tiyoyin yaro a ba uwarsa ta adana. Ran da aka sa nama a miya kuma, kada tsoka duka ta tafi kwanon zaure.

Alamun tamowa ba su ɓuya. Gashi ya yi ja ya yi laushi, ƙafa ta kumbura, yaro ya daina wasa. Malaman asibiti suna da ɗan zaren awo da su ke zagaya wa dantsen yaro, in ya kasa santimita 11 da rabi ya faɗa ja, watau ba sauran jira. Yaye kuma a yi shi sannu a hankali. A ɗauke yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka, ya rasa nono ya rasa uwa a dare guda, shi ya sa yara da yawa kan ƙi abinci su kwanta ciwo. A rage masa nono kaɗan-kaɗan bayan ya saba da tuwo, kada kuma a yaye shi yana cikin rashin lafiya.

Ran da jiki ya yi zafi

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna. Maigida ya tafi Kano wajen aiki, ko ya tafi ci-rani, ko yana kasuwar wani gari. Da tsakar dare jikin yaro ya yi zafi rau. Uwa ta san ya kamata a tafi asibiti, amma ba a ba ta izinin fita ba, ba ta kuma da kuɗin babur. Ta kira waya ba ta shiga. Sai ta jira gari ya waye, ta jira a sami wanda zai yanke shawara, a fara da jiƙe-jiƙe, a biya ta kantin magani, sai rana ta uku a isa asibitin Gwarzo yaro ya riga ya galabaita. Zazzaɓin cizon sauro ya kan iya kashe ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Mace ba ta yi laifi ba da ta kiyaye umarnin mijinta. Wanda ya bar gida bai bar magana ba shi ne da alhaki.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Kowannenmu in ya koma gida yau ya ce wa iyalinsa, a gaban mahaifiyarsa ko ƙaninsa don a sami shaida, "Duk ran da yaro ya yi ciwo, dare ko rana, ina nan ko ba na nan, na yarda ki kai shi asibiti, ba sai kin neme ni ba." Sa'an nan ya ajiye kuɗin abin hawa da na magani a gwangwani, wanda ba a taɓawa don cefane, ya kuma yi magana da wani maƙwabci mai babur tun kafin rana ta ɓaci.

Alamun da ba a kwana da su ga su nan. Yaro ya ƙi nono sam, ko ya amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ya yi ta barci ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa ya yi sauri har ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko maɗigarsa ta faɗa idonsa ya zurma, ko a ga jini a kashinsa. Jariri da bai kai wata 2 ba kuwa, ko zafin jiki kaɗai ya isa dalili. Kada a ce haƙori ne. Haƙori ya kan sa yaro dalala da ƙaiƙayin dasashi, amma zawo mai tsanani da zazzaɓi mai zafi suna da nasu dalili dabam, da sunan haƙori kuwa an yi asarar 'ya'ya masu yawa.

Zawo yana kashewa ta hanyar ƙarar da ruwan jiki, faɗawar maɗiga alamar haka ce, shafa mata magani a kai ba ya ɗago ta. A 1971, a sansanin masu gudun yaƙin Bangladash, wani likita Ba'indiye, Dilip Mahalanabis, ya rasa isasshen ruwan ƙari, sai ya sa aka riƙa ba masu kwalara ruwan gishiri da sukari ta baki. Mutuwa ta sauko daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Yau ana samun haɗin a 'yar leda a asibiti da kantin magani, tare da ƙwayar zinki da a ke sha kwana 10 zuwa 14. Ya kamata a ajiye su a kowane ɗaki mai goyo. In babu, a sami lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da nono da abinci. Don sauro kuma, uwa da ɗa su kwana cikin gidan sauro kowane dare. Da damina masu rabon maganin kariya su kan bi gida-gida wata-wata don yara daga wata 3 zuwa shekara 5, bisa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2012. A buɗe musu ƙofa, a kuma cika shan na kwana 3 ɗin.

Katin rigakafi

Dattawan da ke zaune nan sun tuna agana. Sun tuna fuskoki masu zanzana da makafin da ta bari a kowane gari. Sun tuna malaman lamba da duba-gari, waɗanda Makarantar Tsabta ta Kano ta fara horarwa tun 1932, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da yadda a kan ɓoye yara a rumbu in an ji sun shigo gari. Da haƙurinsu da na waɗanda suka biyo bayansu aka ga bayan agana a Nijeriya a 1970, aka kuma shelanta ƙarewarta a duniya a 1980. Yaran yanzu ko sunanta ba su sani ba.

Shan inna ma haka. A 2003 aka dakatar da ɗigon rigakafinta a Kano sabo da zargi, aka dawo da shi a 2004, a tsakani kuwa cutar ta bazu ta gurgunta yara a nan da waɗansu ƙasashe. Da sarakuna da malamai suka sa baki, aka ga na ƙarshe mai ainihin ƙwayar a Jihar Kano a 2014, aka kuma tabbatar Afirka ta rabu da ita ran 25 ga Agusta, 2020. Ana ci gaba da ɗigon don wani irinta da ke ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci. In an yi sakaci kuwa, tsohuwar cuta ta kan dawo. Mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu shi, yawancinsu kuwa yaran da ba a yi musu allura ba ne.

Ranakun ba su da wuyar riƙewa: ran haihuwa ko kusa da ita, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, da wata 15. Tafiya 6 ke nan, kyauta, suna tsare yaro daga tarin fuka, da tarin shiƙa, da mashaƙo, da sandarau, da shawara, da ƙyanda. Ma'aikaci ya san darajar takarda. Wanda ke adana takardar ɗaukarsa aiki a ƙasan akwati, ya adana katin rigakafin ɗansa da takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya a wuri guda, ya kuma san ranar komawa ba sai an tuna masa ba.

Hira da yaro, da hutun uwa

Ba ciki kaɗai yaro ke da shi ba. A shekarun nan biyu ƙwaƙwalwarsa ke girma da saurin da ba za ta sake yi ba, abincinta kuwa magana ce da wasa. Uwa tana daka tana yi masa waƙa, ya yi gwaranci ta amsa masa, ta nuna masa akuya ta faɗi sunanta, ta kama hannuwansa ta yi masa tatata, kaka ta yi tatsuniya da dare yana cinya yana ji. Makarantarsa ta farko ke nan, daga nan ya ke ɗaukar Hausa, da sallama, da bisimilla, da karɓa da hannun dama. Wayar hannu ba ta maye gurbin wannan, don ba ta amsa wa yaro. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin.

Muna da kunyar ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya ɗaukarsa gaban mutane. Da, a babban gida, kakanni da gwaggwanni su ke cike gurbin. Yau ma'aikaci ya kan kama haya shi da matarsa a garin da aka tura shi, ba kaka ba gwaggo. In su biyun suka yi masa kara, wa ya rage masa? A ɓoye sunan in ana so, amma a ɗauke shi, a yi masa wasa. Ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Bayan wannan, wane namiji ne zai ce girmansa ya hana shi riƙe ɗansa har uwar ta gama tuƙa tuwo, ko ta sami barcin sa'a guda?

Ita ma uwar mutum ce, ta kan gaji, ta kan yi ciwo. Wata bayan haihuwa sai baƙin ciki ya rufe ta, ta yi ta kuka ba dalili, ta kasa barci, ta kasa cin abinci. Ciwo ne sananne mai magani, yana bukatar rarrashi da ganin likita, faɗa ba ya warkar da shi. Gwamnatin Tarayya ta amince a 2021 a riƙa ba ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in matansu sun haihu. Duk wanda ya sami hutu irin wannan, ya sani an ba shi ne don ɗebo ruwa da faskare da zuwa asibiti, kada ya ƙare a karɓar barka a ƙofar gida.

Jama'a, ga abin da na ke roƙo kowa ya tafi da shi. Ka yi wa mahaifiyarka magana cikin ladabi kan dakashi da ruwa da aska. Ka ware rabon yaro da na uwarsa daga amfanin gona kafin kasuwa. Ka bar izini da kuɗin asibiti a gida tun lafiya lau. Ka riƙe ranakun rigakafi. Ka karɓi yaron a hannunka ko sau ɗaya a yini. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Magabatanmu sun tara haraji an gina asibiti da makaranta, amma asibiti ba ya warkar da wanda aka kawo a makare, makaranta kuma ba ta iya mayar wa yaro abin da ya rasa kafin yaye. Masu unguwa da limamai, ku taimaka ku isar da wannan ga waɗanda ba su zo ba, a wurin suna da bayan sallar Juma'a.

Allah ya ji ƙan ma'aikatan da suka riga mu gidan gaskiya, ya ji ƙan iyayen da suka goya su. Allah ya saka wa matanmu da alheri, ya raya mana zuriya bisa lafiya da imani, ya ba ƙasarmu damina mai albarka da zaman lafiya.